Daren Da Telebijin Ya Shanye Mana Wuta A Ƙuryar Sikotland

Daga Wakilinmu

A farkon watan Nuwamba na shekarar 2024 Allah ya nufe ni da zagaya ƙuryar arewacin ƙasar Sikotland a cikin wata irin mota wadda ban taɓa kwana cikin irinta ba. Niyyata sa'ad da na tashi ita ce in kawo muku labarin duwatsu da tafkuna da bakin teku, kuma za ku ji kaɗan daga ciki. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wani dare guda da akwatin telebijin ya kusa kwantar da dattijo, da kuma karatun da muka ɗauka washegari a hannun wani tsohon mai gyaran lantarkin jiragen ruwa.

Mai motar kawuna ne, wan mahaifiyata, wanda ya fi shekara talatin yana zaune a birnin Glasgow, ya yi aiki har ya yi ritaya. Tun yana saurayi a Kano cikin shekarun 1970 yake ganin Turawa 'yan yawon buɗe ido waɗanda suka ƙetaro Sahara ta Tamanrasset da Agadas, suna shigowa gari buɗu-buɗu da ƙura a cikin ƙananan motocin Volkswagen, gadonsu da murhunsu da tukwanensu duk a ciki. Tun daga ran nan ya ƙudura a ransa cewa in Allah ya yi masa tsawon rai sai ya mallaki mota mai ɗaki. Da ya karɓi kuɗin sallama kuwa sai ya sayi wata ta hannu, ya raɗa mata suna Kunkuru, domin in ji shi, ita ma duk inda za ta da ɗakinta take tafe.

A cikin Kunkuru akwai gado biyu, da murhun gas, da ƙaramin firij, da makewayi, da tankin ruwa mai famfo, da kuma hita mai shan man dizal wadda ke hura iska mai ɗumi. Ita da kayanta duka ba a yarda su wuce kilo 3,500 ba. Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne batir biyu gare ta. Ɗaya na tayar da inji ne, kamar na kowace mota. Na biyun kuwa shi ne batirin ɗaki, mai ƙarfin bolt 12, kuma da zarar an kashe inji, shi kaɗai ke riƙe da fitilu da famfo da firij da fankar hita.

Ranar da za mu tashi sai na ga Kawu ya rungumo tsohon telebijin ɗin falonsa mai inci 32, ya kwantar da shi a kan gado tsakanin matasan kai. Ga kuma wata 'yar inbata da ya saya da araha, watau na'urar nan da ke mai da wutar batir ta koma irin ta gida mai bolt 230. Na ce, "Kawu, ashe ba akwai telebijin na musamman da ake yi domin irin motocin nan ba?" Ya ce, "Akwai, ɗana, amma kuɗinsa ya kusa ninka na gida. Me zai sa in sayi sabo alhali ga wannan yana zaune ba ya aikin komai?" Na ja bakina na yi shiru, don ni baƙo ne a harkar.

Muka kama hanyar da ta bi gefen tafkin Lomond. Can daga hagu Kawu ya nuna mini kwanar da ta nufi garin Helensburgh, inda aka haifi John Logie Baird a shekarar 1888, mutumin da ya nuna wa masana telebijin mai aiki a birnin Landan ran 26 ga Janairu, 1926. Muka ratsa kwarin Glencoe, muka wuce gindin Ben Nevis, dutsen da ya fi kowane tsawo a Birtaniya, mai mita 1,345, kana muka bi gefen tafkin Ness har Inverness. A nan ne hanyar da muka zo dominta take farawa, watau North Coast 500, wadda aka ƙaddamar a 2015, zagaye ne na mil 516 da ke tashi daga Inverness ya komo Inverness. Daren farko a sansanin 'yan mota mai ɗaki muka kwana, inda ake biya a jona wa mutum wutar gari. Telebijin ya yi aiki lafiya lau, Kawu ya dube ni ya yi murmushi irin na wanda gardama ta faɗo gefensa.

Washegari muka yi arewa ta gabar gabas. Mun wuce fadar Dunrobin, da garin Golspie, inda mutum-mutumin Sarkin Sutherland na farko yake tsaye a ƙolin dutsen Ben Bhraggie. Mun tsaya a John o' Groats, inda kowa ke ɗaukar hoto, sa'an nan muka ƙarasa Dunnet Head, wanda shi ne ainihin ƙarshen tudun Birtaniya ta arewa, daga nan sai ruwa da tsibiran Orkney. Da muka juya yamma hanya ta tsuke, har ta kai wuraren da mota ɗaya kawai take ɗauka, sai 'yan wuraren raɓewa da aka yi jefi-jefi domin a ba juna hanya.

Abin da zai ba baƙo mamaki a nan shi ne rashin mutane. Sai ka yi tafiya mai nisa ba ka ga kowa ba sai tumaki. Dalili kuwa yana cikin tarihi. A shekarun 1814 da 1819 wakilan masu ƙasar Sutherland sun tashi talakawa daga kwarin Strathnaver, suka ƙone rufin gidaje, domin a sami filin kiwon tumaki, wasu aka tura su bakin teku, wasu suka yi ƙaura har Kanada. Ƙasar ba ta sake cika ba har yau. Ga matafiyi irinmu ma'anar wannan ita ce garuruwa suna da nisa da juna, ga shi kuma sansanoni da yawa sukan rufe daga ƙarshen Oktoba sai bazara. Dare na uku, kusa da Durness, ba mu sami inda za a jona mana wuta ba. Dokar Sikotland ta 2003 da ta ba jama'a 'yancin yawo da kafa tanti a daji ba ta haɗa da motoci ba, saboda haka sai da muka nemi filin da aka yarda a kwana, muka tsaya.

A wannan yanki, a irin wannan lokaci, tun kafin ƙarfe biyar na yamma duhu ya rufe, gari kuma ba ya wayewa sai bayan bakwai. Iska tana kaɗa motar, ruwa yana dukan rufi, ba wurin zuwa. Muka kunna inbata, muka kunna telebijin. Muka ci karo da tashar BBC Alba, wadda aka buɗe a 2008, mai watsa shirye-shirye da harshen Gelik na mutanen duwatsun nan, harshen da ƙidayar 2011 ta nuna masu magana da shi ba su wuce kimanin 57,000 ba. Ko kalma ɗaya ba ma ji, amma abin ya burge mu, muka zauna daga wannan tasha zuwa waccan tun ƙarfe biyar har sha ɗaya. Da barci ya zo muka kashe telebijin da rimot, muka manta da inbata a kunne.

Wajen ƙarfe uku na dare sanyi ya tashe ni. Hita ta yi shiru, firij ya yi shiru, fitila kuma da na kunna sai ta yi ja kamar aci-bal-bal. Tarin Kawu na ji daga ɗaya gadon. Mutum ne mai shekara 68, kuma ya daɗe yana fama da asma, sanyi kuwa shi ne babban abokin gabarta. Na haska ma'aunin da ke bango da wayata, na ga ɗakin ya sauko digiri 5, batir kuma ya faɗi ƙasa da bolt 11. Man dizal yana nan cike da tanki, amma hita ba ta tashi sai da wuta, kuma an yi ta ne yadda za ta kashe kanta idan batir ya yi rauni. Na lulluɓe shi da bargona, na miƙa masa abin shaƙarsa, na zauna a kujerar direba na murza makulli da addu'a. Allah ya taimake mu batirin inji daban yake. Sai da inji ya yi kusan minti arba'in yana aiki kafin hita ta yarda ta kama, numfashin Kawu kuma bai daidaita ba sai gab da asuba. Asibiti babba mafi kusa yana da tafiyar awoyi daga inda muke.

Ina zaune cikin duhun nan sai na tuna ƙauyenmu a 1996, lokacin wasan ƙwallon Atlanta, muna yara mun cika ƙofar gidan mai telebijin baƙi-da-fari da ake jona wa batirin mota. Idan batir ya fara mutuwa sai hoton ya riƙa tsukewa har ya koma kamar tafin hannu, kowa ya san lokacin tashi ya yi. Telebijin na zamani ba ya yin wannan gargaɗi, hotonsa tangaran yake har ya tsotse batir.

Da gari ya waye muka gangara kudu zuwa Ullapool, garin masunta da aka kafa a 1788, inda jirgin fito yake tashi zuwa Stornoway. Muka yi tambaya a bakin tasha, aka haɗa mu da wani tsohon Bature mai gyaran lantarkin jiragen kamun kifi, domin su ma jiragen da batir suke rayuwa. Ya auna batirinmu, ya leƙa bayan telebijin ya karanta 'yar takardar da ke manne, kana ya ciro fensir daga bayan kunne ya yi mana lissafi a kan kwali.

Ya ce mu ɗauki batir kamar tulun ruwa. Bolt shi ne ƙarfin da ruwan ke turowa da shi, amfiya ita ce yawan ruwan da ke zuba, wat kuwa shi ne abin da ake samu in an ninka su biyun. Wanda ya raba wat da bolt zai san amfiya nawa na'ura take zuƙa. "Batirin nan naku," in ji shi, "amfiya-awa 100 aka rubuta a jikinsa. Amma irin mai dalma ne, kuma irinsa ba a son a sha fiye da rabinsa, in ba haka ba ya mutu da wuri. Ke nan 50 gare ku, sanyi da tsufa kuma suna ƙara rage shi."

Telebijin ɗin Kawu wat 55 aka rubuta masa. Inbata kuma ba kyauta take aiki ba, takan ɓatar da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na wutar ya koma zafi, kuma ko ba a jona mata komai, muddin tana kunne tana lasar batir. In an haɗa, amfiya biyar da ɗoriya muke zubarwa kowace awa, watau sama da 30 a cikin awa shida. Hita da firij da fitilu da cajin wayoyi suna neman kusan 40 kafin safiya. Mun nemi 70 da wani abu a tulun da 50 kaɗai ya kamata a ɗiba. Farantin sola mai wat 100 da ke kan rufi kuwa, wanda Kawu ya dogara da shi, tsohon ya ce a Nuwamba ado ne kawai a wannan ƙasa, don rana ba ta ɗagowa sama, kuma yawanci gajimare ya rufe ta.

Daga nan ya shiga bayanin yadda ake zaɓen telebijin na mota, Kawu ya ce in fito da littafina in rubuta, tun da aikina ke nan. Na farko, in ji shi, a fara duba wat kafin a duba inci. Telebijin mai bolt 12 na inci 19 zuwa 24 yakan sha wat 20 zuwa 30, watau kimanin amfiya biyu, kuma kai tsaye yake sha daga batir ba ruwansa da inbata. Awa shida ɗinmu da 12 kawai za su ci. A ɗakin da mai kallo yake taku uku daga allo, inci 22 ya wadatar.

Na biyu, a duba iyakar bolt da akwatin yake jurewa. Batirin da ake kira mai 12 ba ya tsayawa a 12. Idan ya cika ya huta yakan nuna 12.7, idan ya kai rabi wajen 12.2, idan kuma inji ko sola na yi masa caji yakan haura har 14.4. Akwai ƙananan telebijin na gida da ke zuwa da 'yar tukunyar caji mai fitar da bolt 12, mutane sukan yanke wayar su jona wa batir, su ce sun yi dabara, ran da caji ya hau sai akwatin ya ƙone. Na mota na gaskiya an rubuta masa iyaka mai faɗi, wasu ma suna karɓar har bolt 24 na manyan motoci. Wanda ya ƙi sai na gida, to, lalle ya sa masa na'urar daidaita wuta a tsakani.

Na uku, abin kama tasha. Birtaniya ta gama rufe tsohon tsarin watsa telebijin a 2012, saboda haka a nemi haruffan DVB-T2 a jikin kwali domin tashoshin Freeview na eriya, da DVB-S2 domin na tauraron ɗan Adam, ya fi kyau su zo a cikin akwatin, don kowace dikoda ta waje wani baki ne da zai sha batir. Wanda zai ƙetara zuwa Jamus ya tambaya ko akwatin yana karanta tsarin HEVC da suka koma tun 2017. Masu kallo ta intanet kuwa ya ce su tuna akwai kwaruruka a nan da ko kiran waya ba ya shiga.

Na huɗu, jikin akwatin. A mota mutum ba ya samun zama daidai gaban allo, wani yana kwance, wani yana gefe, don haka a gwada kallonsa ta gefe da ta ƙasa tun a kanti, a ga ko hoton yana dushewa. A saurari muryarsa, domin ruwan sama a kan rufin mota yana danne ƙaramar lasifika. A nemi mara nauyi, a ɗaure shi da maƙali mai kulle, kada ya zama makami ran da aka taka birki da ƙarfi. A ja masa waya mai kauri da fiyus nasa, kuma a tabbata yana da makunni na hannu, don wanda aka kashe da rimot barci yake da ido ɗaya. Game da batirin litiyam, ya ce ana iya shan mafi yawansa kuma bai kai mai dalma nauyi ba, sai dai yana da tsada, kuma ba a yi masa caji idan sanyi ya kai na ƙanƙara.

Kawu ya nemi ya biya, tsohon ya karɓi kuɗin awon batir kawai. Da muka fito ya yi shiru wani lokaci, can ya ce, "Ɗana, araha ba ta ado. Juya mu koma Inverness." Tafiyar ba ta kai mil sittin ba. A can muka shiga kantin kayan motoci masu ɗaki, Kawu ya sa tabarau yana juya akwatuna yana karanta bayansu ɗaya bayan ɗaya, har yaron kanti ya ɗauka tsohon ma'aikacin lantarki ne. Ya zaɓi mai inci 22 da aka rubuta wa wat 24. Lasisin telebijin, wanda doka ta ɗora wa kowane gida mai kallo a Birtaniya, bai zama matsala ba, domin na gidansa ya rufe na motar.

Muka sake komawa yamma domin ƙarasa zagayen. Hanyar Bealach na Bà da ke hawa mita 626 kafin ta gangara Applecross, akwai allo a gindinta da ke gargaɗin manyan motoci da masu jan ɗaki, mu kuwa mun riga mun ga sakamakon ƙin jin shawara, sai muka zagaya ta hanyar bakin teku daga Shieldaig. Da yamma muka tsaya inda ake hangen tsibirin Raasay, duwatsun Skye suna bayansa. Tashoshin da muka samu kaɗan ne, domin ƙananan turakun da ke hidimar irin waɗannan lunguna ba sa ɗauke da tashoshi duka, kuma sai da muka juya eriya ta tsaya a tsaye kafin hoto ya fito. Mun yi kallo awa huɗu, Kawu ya tashi da kansa ya danna makunni. Hita ta kwana tana huci. Da asuba na haska ma'auni, batir yana kan 12.3, ɗaki yana da ɗumi, dattijo yana barci ba tari.

Na san kaɗan ne daga cikin masu karatu za su sayi mota mai ɗaki, amma lissafin tsohon nan ya shafi duk wanda ke zaune a kan batir. A kasuwanninmu na gida yanzu ana sayar da farantin sola da batir da telebijin mai bolt 12, mai saye kuma yakan tambayi inci da farashi ya tsaya nan, daga baya ya yi ta zagin batir cewa jabu ne. Kafin ka biya, Malam, juya akwatin ka karanta wat, ka raba da 12, ka ninka da awoyin da iyalinka za su yi suna kallo, sa'an nan ka ga abin da zai rage wa fanka da fitila da firjin da ake ajiye magani.

Tsohon telebijin mai inci 32 ya koma falo a Glasgow. Ran da Kawu ya raka ni filin jirgi ya ce in gaya wa mahaifiyata yana nan lafiya, kada kuma in kuskura in ba ta labarin daren Durness. Na yi masa alkawari ba zan gaya mata da bakina ba. Allah ya sa ba ta sayi jaridar wannan mako ba.